SUFURI DA KASUWA: Maganar ɗaga tsohuwar motar soja

Da zarar ruwan Yuli ya zauna, Gulbin Maraɗi kuma ya kawo, sai wata tsohuwar magana ta sake tashi a garejojin birni, wato maganar ɗaga mota. Mai tsohuwar Berliet da ke kwaso gero da wake daga ƙauyukan bayan Tibiri zai dawo da taɓo har rabin taya, karen motarsa yana ba da labarin kwanan da suka yi a fadama. Ma'aikacin gwamnatin da ya sayi Land Rover a gwanjon rafom don zuwa garkarsa ta Jiratawa zai ji cikin motar ya daki tudun tsakiyar hanya, gabansa ya faɗi. Su biyun amsa guda suke samu daga masu ba da shawara kyauta a bakin gareji: a ɗaga ta. Kalmar gajera ce, amma kuɗin da ke bayanta masu kauri ne, ga kuma rayukan mutanen da kan zauna bisa buhuna ranar kasuwa.

Tun farko, motocin da ake kira na soja ba uwa ɗaya ta haife su ba. Berliet GBC 8 KT, mai ƙafa shida da dukansu ke ja, jininta na Gazelle ne, irin motocin nan tara da kamfanin Berliet ya ratsa Tenere da su daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960. Sojan Faransa sun karɓe ta a farkon shekarun 1960, kuma kayan da aka yanka mata a hanyar daji tan 4 ne, wato buhu 40 na gero mai kilo 100. Unimog 404 ta kamfanin Mercedes, wadda aka ƙera daga 1955 zuwa 1980, tan ɗaya da rabi ne rabonta. Akwai ACMAT ta Saint-Nazaire, wadda rundunoni da yawa na Afirka suka yi aiki da ita. Akwai Peugeot P4 ta farkon shekarun 1980, wadda a gaskiya Mercedes G ce da injin Peugeot. Sai ƙananan da suka fi yawa a hannun farar hula, tsohuwar Land Rover da Land Cruiser 75, waɗanda suka yi wa soja da jandarma da ma'aikatan gandun daji da furoje-furoje bauta kafin a sallame su. Wasunsu bisa lam suke zaune, wato fallayen ƙarfen nan da ƴan Nijeriya ke kira sifirin. P4 da Unimog kuwa bisa naɗaɗɗen rasor. Maganin da ya karɓi wata yana iya kashe wata.

Ga abin da masu shawarar kyauta ba su cika faɗa ba. Pon na waɗannan motoci ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe daga taya zuwa taya, da tulu a jikinsa inda haƙoran da ke raba wa ƙafafu ƙarfi suke. Wannan tulu shi ya fi kusa da ƙasa. Lam kuwa tsakanin pon da shasi yake aikinsa. In an ƙara masa tsayi, shasi da inji da gidan mota za su hau, amma tulun yana nan inda yake, ko faɗin yatsa bai motsa ba. To, a hanyoyin ƙauye da manyan kamyo suka haƙa wa kwari biyu da tudu a tsakiya, abin da ke dukan tudun, mota ta zauna tayoyi na juyawa a banza, wannan tulun ne. Mutum zai iya ɗaga motarsa har sai ya nemi tsani kafin ya shiga, ya koma ya kafe a daidai inda ya kafe bara. Abu ɗaya ke ɗaga tulun pon daga ƙasa, shi ne girman taya.

Unimog ce kaɗai a cikinsu ta kauce wa wannan doka, kuma tun daga masana'anta. An sa mata haƙora a cikin kowace ƙafa, har pon ya zauna sama da cibiyar taya, ya bar kimanin santimita 40 a ƙarƙashinsa. Mai Unimog da ke neman a ƙara mata tsayi, abin da ya riga ya mallaka yake nema.

Ba a ce ɗagawa ba ta da amfani ko kaɗan ba. Takan hana hancin mota da wutsiyarta dukan ƙasa wajen gangarawa ƙorama da fita daga cikinta, takan nisanta tankin mai da bututun hayaƙi daga kututture, takan kuma buɗe wa babbar taya wuri. Sai dai kafin a kai can, akwai tambayar da ta kamata a fara yi: shin motar gajera ce, ko kuwa durƙusawa ta yi? Motar da ta shekara arba'in ko hamsin tana ɗaukar ninkin abin da aka yanka mata, lam ɗinta ya daɗe da miƙewa. Bakan da aka ƙera shi da shi ya tafi, wani ma ya juya ya koma lanƙwasa ta baya. Gane wannan ba ya bukatar na'ura. A tsayar da motar a wuri mai daidai, ba kaya, a auna tazarar da ke tsakanin pon da robar da ke tare shi a jikin shasi, dama da hagu, gaba da baya. A ɗora kayan da aka saba ɗorawa, a sake aunawa. In robar ta kwanta bisa pon, ko ta yi sheƙi don yawan duka, ko kuwa gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙasa, to motar nan ba ƙarin tsayi take roƙo ba, tsayinta na asali take so a mayar mata. Mafi yawan masu zuwa gareji da maganar ɗagawa a wannan rukuni suke, ko da ba su sani ba.

Hanyar da aka fi sani a nan ita ce a kwance lam, a kai wa maƙeri ya sake lanƙwasa shi, a ƙara falle ɗaya ko biyu. Ba laifi ba ne, in an yi shi da sanyi, da guduma ko da matsi, falle bayan falle, ana gwada na dama da na hagu don bakansu ya zo ɗaya. Amma gyara ne na ɗan lokaci, domin ƙarfen da ya gaji ya gaji. Abin da ba shi da gafara shi ne sa lam a wuta. Ƙarfen lam yana da horon da aka yi masa a masana'anta, shi ke sa ya lanƙwashe ya dawo. Wutar maƙera ko ta mai walda tana warware wannan horo, sai ƙarfen ya koma ko dai laushi kamar na guga, ko ya yi tauri ya karye ba sallama. Haka huda ramin kusar tsakiya da wuta, haka walda a jikin uwar lam. Uwar lam ita ce fallen da ke riƙe da pon a mazauninsa. Ranar da ta gaba ta karye ana cikin gudu, pon ya ja baya ta gefe ɗaya, sitiyari ya fita daga hannun direba.

Akwai dabaru biyu masu araha da suka cika garejoji, kuma araha ba ta ado. Ta farko ita ce tsawaita jumel, wato ƙarafan nan biyu da ke rataye ƙarshen lam a jikin shasi. Lissafinta bai da daɗi: tun da ƙarshe ɗaya kawai aka sauke, jumel da aka ƙara wa santimita 6 tsayin santimita 3 kacal yake bayarwa, a madadin haka kuma ya karkata pon, ya sa mota ta riƙa rangaji a kwana. Ta biyu ita ce cusa kal tsakanin lam da pon. Wannan yana ɗagawa ne kawai in lam bisa pon yake, kamar a manyan kamyo. A tsohuwar Land Rover da Land Cruiser lam ƙarƙashin pon yake bi, saboda haka kal sauke mota zai yi. Inda ma yake aiki, dogon kal yana ba pon hannun murɗa lam duk lokacin da aka taka birki ko aka tashi da kaya. A pon na gaba kuwa, wanda ke ɗauke da sitiyari, bai kamata a ko kawo zancensa ba. Ita Berliet mai ƙafa shida, pon biyu na baya lam ɗaya suke rabawa a kowane gefe, yana lilo bisa madogara guda, da sanduna masu riƙe su. Tsari ne da aka auna gaba ɗaya; a sabunta lam da robobinsa, a bar shi yadda injiniyoyin Lyon suka bar shi.

Zaɓin da ya fi tsada shi ne sabon lam cikakke, kuma a nan ne ɗan kasuwa da ma'aikaci suke rabuwa hanya. Ba da santimita ake zaɓen lam ba, da kilo ake zaɓensa, kilon da motar ke ɗauka kullum, ban da na ranar da aka yi sa'ar lodi. Masu ƙera irin waɗannan kaya, kamar Old Man Emu na Ostareliya da ya yi suna a kan Land Cruiser, suna jera lam ɗinsu ne bisa nauyin da zai zauna a kansa dindindin, ƙarin tsayin kuma bai cika wuce santimita 5 ba. Ɗan kasuwar da motarsa ba ta fita sai da buhunan aya ko wake, lam mai fallaye da yawa ya dace da shi: yana da tauri, gogayyar fallayen tana rage tsalle, in ɗaya ya karye a daji sauran su kawo shi gida. Ma'aikacin da ke fita Asabar da Lahadi da buhun taki biyu da injin ban ruwa, in ya kwaikwayi Alhaji ya sa irin wannan lam, ya sayi wahala da kuɗinsa. Mota marar kaya bisa lam mai tauri ba ta bin gargada, tsalle take yi a kanta. Tayoyin baya su riƙa barin ƙasa, birki ya rage kamu, girgizar da lam ya ƙi sha ta koma jikin shasi, ta fara tsaga shi a inda madogaran lam suke. Shasin da ya shekara arba'in ba ya da haƙurin wannan. Ga irin wannan mutum akwai lam na zamani mai falle biyu ko uku, masu kauri a tsakiya da sirantaka a baki, wanda Faransawa ke kira parabolik. Yana da laushi da sauƙin nauyi, amma sai da amortisar mai kyau, kuma ba ya yafe wa mai yawan lodi.

Me ya sa santimita 5? Domin kusan nan ne iyakar abin da sauran sassan mota ke ɗauka ba tare da an taɓa su ba. Da an wuce, sai bashi ya fara haihuwa. Amortisar ta asali ta gajarta, ta zama ita ke riƙe pon in taya ta faɗa rami, har ta tsinke. Tiyon birki na roba ya miƙe kamar tsirkiya. Kardan ya karkace, mahaɗansa su riƙa ci da wuri, mota ta kama kaɗuwa a kan kwalta. A P4 da Land Rover 110 ta 1983 zuwa sama, masu naɗaɗɗen rasor, dogon rasor yana juya pon na gaba, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, mota ta riƙa yawo a hanyar Yamai kamar akuyar da ta ɓace. Akwai kuma wani ɗan abu da ake yawan mantawa a Land Cruiser da ire-irenta: bawul da ke auna nauyi, yana ƙara wa birkin baya ƙarfi in mota ta durƙusa da kaya. In an ɗaga motar ba a sake saita sandarsa ba, zai ɗauka kullum ba komai a baya, ya rage birkin a ranar da aka fi bukatarsa. Bakaniken da ya faɗi kuɗin ɗagawa bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, rabin kuɗin ya faɗa.

Babbar magana dai ita ce kifewa. A ɗauki motar da tazarar tayoyinta ta dama da ta hagu santimita 150 ce, cibiyar nauyinta kuma tana santimita 90 daga ƙasa. A lissafin takarda sai ta karkata kusan digiri 40 kafin ta faɗi. In cibiyar ta hau zuwa santimita 100, lissafin ya sauko 37. In an tula kaya har ta kai 130, ya koma 30. Wannan a tsaye ke nan, bisa ƙasa mai tauri. A tafe, da lam na gefen gangare yana nutsewa, da rairayi yana zamewa ƙarƙashin taya, da direba yana kauce wa amalanke, abin da ya rage bai kai haka ba ko kusa. Mai lura zai ga cewa ɗagawar kanta kaɗan ta ci, lodi ne ya ci da yawa. Amma a nan tarkon yake. Durƙusawar mota ita ce bakinta, da ita take cewa kaya ya isa. Ranar da aka ƙara mata fallaye huɗu ta daina durƙusawa, an rufe mata baki ne kawai. Pon da birki da shasi suna nan da ƙarfinsu na da. Sai a ga motar buhu 40 ta tashi da 70 tana tsaye ƙyam, kowa na yaba lam, da fasinja goma sha a bisa.

Kayan Jiratawa ma suna da nasu hatsarin. Zogale da tattasai da kwandunan tumatir ba su da nauyin gero, saboda haka sama ake gina su, hanyoyin da ke tsakanin garake kuwa ƙunci gare su, gefensu kuma yakan zabge bayan ruwa. Doguwar mota mai dogon kaya a irin wannan hanya, taya ɗaya ce za ta sauka gefe, magana ta ƙare.

Wanda ya ce shi dai tulun pon yake so ya nisanta da ƙasa, sai ya koma ga taya, ya kuma san farashinta. Taya 7.50-16 tsayinta kimanin santimita 80 ne, 9.00-16 kuma kimanin 90. Rabin bambancin ake samu, wato santimita 5 a ƙarƙashin pon, kuma wannan riba ce ta gaske. Sai dai ƙarfin jan mota yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin tara, birki ya ƙara nisa, agogon gudu ya nuna 80 alhali ana 90. Sandunan cikin pon na tsohuwar Land Rover, waɗanda dama an san su da karyewa, su ne za su fara biyan kuɗin. A rairayin jigawa kuwa, wanda shi ne mafi yawan ƙasar arewacin Tibiri, ba tsayi ke fid da mota ba, iska ce. A rage wa taya iska ta shimfiɗa tafinta, a tafi a hankali, a mayar da iskar kafin a hau kwalta, domin taya marar iska a zafin Afrilu da Mayu ba ta nisa take fashewa. Famfon iska mai kyau, da shebur, da faranti biyu na ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya, sun fid da motoci daga rairayi fiye da kowane lam.

Gulbi kuma ba a gwada masa tsayi. Shi ya cinye tsohon garin Maraɗi a 1945 har aka mai da birnin bisa tudu. Ruwa mai gudu yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin taya, yana tura gefen mota, kuma ƙarin santimita 5 ba ya canza komai a wannan lissafi sai ƙarin ƙarfin halin direba. Ko a ruwa marar gudu, abin dubawa shi ne inda inji ke shaƙar iska da ƙananan hancinan da pon ke numfashi da su. Pon mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙe shi, man ciki ya koma kamar nono, haƙora su lalace bayan ƴan makonni ba a san dalili ba.

Saura takarda. Nauyin da aka rubuta a kart giriz ba ya ƙaruwa don an ƙara lam, kuma sikelin da ke aiki da dokar lodi ta UEMOA, mai lamba 14 ta shekarar 2005, ba ya ƙirga fallaye. Canjin da ya fito fili a jikin mota yana iya jawo tambaya wajen bizit teknik, yana iya kuma ba kamfanin asirans ƙofar jayayya ranar da aka yi haɗari; gara a tambaye su tun kafin a kwance kusa ɗaya. Mai motar rafom ya riƙe takardun gwanjonsa kusa, ya kuma canza fentin soja. Tun wajen 2019 yankunan Gidan Rumji da Madarunfa suke fama da ƴan bindigar kan iyaka, kuma doguwar mota mai launin soja da ta ɓullo daga daji da magariba ba ta san wanda zai fara ganinta ba, ko yadda zai fassara ta.

Wajen saye, Berliet ta fi kowa wahala, tun da kamfanin ya narke cikin Renault a 1978. Yawanci sai na kas, ko a sa a haɗa daga fallayen wata mota. Ko a Maraɗi aka samu, ko an bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ƙa'idar ɗaya ce: a tafi da tsohon lam a hannu, a gwada faɗi da kauri da tazarar da ke tsakanin ido da kusar tsakiya ta kowane ɓangare, domin sau da yawa ɓangarorin biyu ba daidai suke ba. A goge tsatsa a duba kewayen ramin tsakiya, can tsagewa take farawa. A sayi biyu tare, na dama da na hagu. A sa sababbin robobi da sababbin etiriye, wato ƙarafan nan masu siffar baka da ke ɗaure lam da pon, domin tsofaffin sun riga sun miƙe. Lokacin wannan aiki rani ne, kafin gajimaren farko, sa'ad da bakanike ke da sukuni kuma mota ba ta da lodin da ke jiranta. Bayan an ɗaura, a yi mata lodin da ta saba, a je Tibiri a dawo, a sake ɗaure etiriye, a kuma sake bayan mako guda, domin sabon lam yakan zauna, kusoshin su saki.